Tsakanin Baki da Mashi

Laccar da aka gabatar a Dakoro, jihar Maraɗi

 

An nemi in yi magana a kan Girkawan dā, masu iya jawabinsu da sarakunan yaƙinsu da yadda suka tafiyar da mulki. Na amsa, amma da sharaɗin in fara daga gida, domin wanda bai san yadda aka yi a fadar kakansa ba, ko ya haddace sunayen Girkawa kaf, labari kawai ya sha. Mu kuwa a nan ba mu da nisa da tsohuwar fada. Ga Birnin Lalle nan kusa da mu, inda Gobirawa suka zauna bayan sun baro Azbin, kafin su gangara kudu har su kafa Alkalawa. Tambayar da zan bi daga nan har bakin tekun Girka guda ɗaya ce: idan ƙasa za ta zubar da jini, wa ke cewa a yi, wa ke ɗaukar mashi ya yi, kuma bayan ƙura ta lafa wa ke da ikon tsayar da su duka biyun ya tambaye su?

Wajen shekarar 1788, ranar Babbar Salla, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a filin idi na Magami, ya raba musu kyauta. Bawa shi ne mashin da ƙasar Hausa take tsoro a lokacin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ba shi da komai sai wa'azi da jama'ar da ke sauraronsa, ya ƙi karɓar dukiyar. A maimakonta ya roƙi abubuwa 5: a bar shi ya yi kira, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki ƴan sarƙa, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Muddin wannan ƙofa tana buɗe, malami yana faɗa sarki yana ji, ba a zare takobi ba. Da Nafata ya hau ya sa wa wa'azi takunkumi, abin da ya biyo baya kowa ya sani: Tabkin Kwatto a 1804, faɗuwar Alkalawa da mutuwar Sarkin Gobir Yunfa a 1808. A ɗakin nan akwai jikokin ɓangarorin biyu, kuma ban kawo wannan don in ba wani gaskiya a kan wani ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne ranar Magami kanta, ranar da mai baki da mai mashi suka fuskanci juna a bainar jama'a, aka tashi ba wanda ya rasa ransa.

Da Katsina ta faɗa hannun Malam Ummarun Dallaje a 1807, gidan Korau, wato gidan sarautar Katsina, ya watse. Ɗan Kasawa, ɗan wannan gida, ya yi zaman hijira a Damagaram, daga baya ya zo ya kafa fada a Maraɗi wajen 1819. Ya zo da tsarin Katsina a kansa. A ƙarƙashin sarki akwai rukuni, mutum 4: Kaura, Galadima, Ƴandaka da Durbi. Su ke zaɓen sarki daga cikin ƴaƴan sarauta, kuma sarki ba ya yanke babbar magana sai ya zauna da su. Kaura shi ke riƙe da dawakin yaƙi, amma gadon sarauta ba nasa ba ne. Gobir ma tana da nata masu zaɓen, Taran Gobir, ga kuma Inna a Tsibiri da Iya a Maraɗi, mata masu murya a fada. Duk wanda ya ce kakanninmu ba su san hatsarin barin mashi da hukunci a hannu ɗaya ba, bai duba wannan tsari ba.

Tsarin ya jure bala'i. A Gawakuke, a 1836, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar Gobir da Maraɗi, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda rana ɗaya. Duk da haka gidan bai rushe ba. Aka naɗa Ɗan Mari, aka kafa Tsibiri, kuma a zamanin Ɗan Baskore, wanda ya rasu a 1875, dawakin Maraɗi sun kai har ganuwar Katsina. Abin da abokan gaba suka kasa, rikicin cikin gida ya yi shi. Bayan Ɗan Baskore sarakuna suka dinga hawa suna sauka a ƴan shekaru, har ƙarfin Kaura Hasau ya kai shi ke ɗora sarki shi ke sauke shi. Jarumi ne, har yau ana kirarinsa, ban kuwa rage masa komai ba. Amma a kwanakinsa babu sauran mai tambayar Kaura. Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa, kuma Faransawa sun tarar da gidan a rabe.

Akwai abu ɗaya da fadojinmu ba su tanada ba, shi ne wurin da talaka zai ɗaga hannu a ƙirga. Yana da hanyoyinsa: ya kai kuka wurin malami, ya bar mawaƙi ya yi habaici a madadinsa, ko in abin ya ishe shi ya kwashe iyalinsa ya ƙaura. A nan ne labarin Atina zai amfane mu.

Ƙasar Atina duka ba ta kai rabin gundumar Dakoro ba. Shekara ɗari huɗu da wani abu kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ƴan ƙasa maza baligai kan taru a kan wani tudu mai suna Finikis, wajen sau 40 a shekara. Sanƙira ya miƙe ya tambaya ko akwai mai son magana, kuma manomi ko maƙeri ko mai jirgin ruwa yana da ikon hawa dutsen ya yi. In an gama a ɗaga hannuwa. Yaƙi, sulhu, kuɗin baitulmali, duk a nan ake yanke su. Kada mu yi musu ƙarin gishiri: mata ba su da murya, baƙi ba su da ita, bayi kuwa suna da yawa ƙwarai kuma guminsu ne ya ba ƴaƴa damar zaman taro. Ta fuskar mata, fadar da ke da Inna ta fi su.

Yawancin muƙamai ƙuri'ar sa'a ake jefawa, har da majalisar mutum 500 mai shirya abin da za a tattauna. Sarautar yaƙi ce ba su bar wa sa'a ba. Kowace shekara suna zaɓen sarakunan yaƙi 10, kuma mutum yana iya komawa in sun yarda da shi. Sai dai in wa'adinsa ya cika dole ya tsaya a bincike shi, kuɗin da ya kashe da abin da ya aikata, kuma ko cikin shekarar ana iya tuɓe shi. In suka ji wani ya fara fin ƙarfin gari, sai kowa ya karce sunansa a jikin tsingaro, wanda sunansa ya fi yawa ya bar ƙasa shekara 10 ba tare da an taɓa dukiyarsa ba. Har Temistokilis, wanda ya cece su daga Farisa a yaƙin ruwa na Salamis a shekara ta 480, bai tsira daga tsingaron ba. Ku tuna shekarun nan ƙirgarsu baya-baya take, lamba tana raguwa zamani yana matsowa.

Feriklis shi ne ya haɗa abu biyun, baki da mashi. Shekara 15 a jere ana zaɓensa sarkin yaƙi, kuma ba a yi mai iya jawabi kamarsa a zamaninsa ba. To ko shi, da yaƙi da Isparta ya yi tsanani, annoba ta shiga gari, a 430 jama'a suka sauke shi suka ci shi tara, sannan suka sake zaɓensa, annobar ta ɗauke shi a 429. Tukididis, wanda ya rubuta tarihin yaƙin, shi ma sarkin yaƙi ne da ya makara wajen ceton wani gari a 424, ya yi shekara 20 a gudun hijira. Daga littafinsa muka sami labarin da ya sa na karɓi wannan lacca.

Akwai wani gari mai suna Mitilini a tsibirin Lesbos, yana cikin ƙawancen Atina, sai ya yi tawaye. A 427 aka murƙushe shi. Taron Atina ya zauna cikin fushi ya yanke cewa a kashe duk namiji baligi na garin, a sayar da mata da yara. Wanda ya fi kowa hura wutar shi ne Kiliyon, ɗan mai masana'antar jima, mutum mai ƙarfin murya. Mu muna da kalmar da ta dace da aikinsa, wato zuga, kuma ba banza ba ta yi kama da zugazugin maƙera. Mai zuga ba ya riƙe guduma, ba ya taɓa ƙarfe, amma in ba shi ba ƙarfen ba zai yi ja ba. A ranar aka tura jirgi da umarnin zuwa wurin sarkin yaƙin da ke riƙe da garin.

Sai dare ya yi. Mutane suka koma gida, suka kwanta da abin da hannuwansu suka yanke. Da gari ya waye da yawa zuciyarsu ta karaya, aka nemi a sake zama, hukuma kuwa ta yarda. Kiliyon ya hau ya zage su, ya ce masu sauya magana ba su iya riƙe mulki. Sai wani mai suna Diyodotus, wanda tarihi bai san shi da wani abu ba sai wannan rana, ya miƙe. Bai roƙi tausayi ba, domin ya san masu fushi ba sa jin wannan. Ya nuna musu cewa talakawan Mitilini su ne suka sa aka miƙa garin, kuma in aka kashe mai laifi da marar laifi tare, duk garin da ya yi tawaye nan gaba zai yi yaƙi har mutum na ƙarshe, tunda ya san miƙa wuya ba zai cece shi ba. Ya kuma ce gaggawa da fushi su ne manyan abokan gaban shawara. Aka ɗaga hannu, da ƙyar ya rinjaya.

Jirgin farko ya riga ya yi yini da kwana a kan hanya, tafiyar kuwa ta fi kilomita 300. Aka tura na biyu. Irin waɗannan jirage mutum 170 ke tuƙa su da hannu. Matuƙan ba su tsaya cin abinci ba, suna tuƙi ana ba su garin sha'ir da aka kwaɓa, wasu na barci wasu na ja. Na farkon kuwa ba ya sauri, don matuƙansa sun san abin da suke ɗauke da shi. Sarkin yaƙin ya gama karanta takardar ke nan, yana shirin zartarwa, na biyun ya shigo. An kashe mutum 1,000 da ɗoriya da aka ce su ne kan tawayen, wannan ma ba ƙaramin jini ba ne, amma garin ya rayu.

Mutanen da suka yanke kisan jiya su ne suka warware shi yau. Ba su ƙara ilimi cikin dare ba. Abin da ya ceci Mitilini shi ne an kwana, an bar ƙofar sake magana a buɗe, an kuma sami mutum ɗaya da ya yarda ya tsaya gaban taron da ke tafasa. Bayan shekara 11, a tsibirin Melos, aka yanke irin wannan hukunci, ba a tura jirgi na biyu ba, aka kashe mazan duka.

Kada ɗalibi ya fita daga nan yana cewa taron jama'a ba ya kuskure. A 406 jiragen Atina suka ci na Isparta a Arginusa, amma hadari ya taso, aka kasa tsamo waɗanda jiragensu suka nutse. Dangin mamata suka cika dandali, masu zuga suka hau kansu. Doka ta ce a yi wa kowane mutum shari'arsa daban, taron ya ce a haɗa sarakunan yaƙin a ƙuri'a ɗaya. Sukurat, malamin Aflatun, yana cikin masu jagorancin zaman a lokacin, shi kaɗai ya tsaya a kan ba zai sa hannu a karya doka ba. Aka wuce shi. Aka kashe mutum 6 da suka ci wa ƙasa yaƙi, har da ɗan Feriklis. Shekara ɗaya bayan haka Atina ta rasa jiragenta, a 404 ta miƙa wuya. Tambayar mai mashi wajibi ce, amma in aka yi ta da ihu, ba doka ba kwana, ta zama wani kisan.

Daga baya sana'o'in biyu suka rabu. Dimostinis ya zama uban masu jawabi, ya ƙare ƙarfinsa yana gargaɗi a kan Filibus na Makidoniya, mahaifin Iskandar. Fokiyon kuwa, wanda aka zaɓa sarkin yaƙi sau 45, yana ganin ba su da ƙarfin karawa. Aka bi Dimostinis, aka sha kashi a Kaironiya a 338. Dukansu biyu guba ce ajalinsu.

Mu dawo gida, domin mun ga jirgi na biyu da ya makara a ƙasarmu. A 1899 ayarin sojojin Faransa na Voulet da Chanoine ya ratso yana ƙone garuruwa, Birnin Ƙonni na cikinsu. Da labari ya kai Faransa, aka turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar. Ya biyo sawun toka da gawawwaki har ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine, amma waɗanda aka yanka a hanya an riga an yanka su.

Tarihin Nijar tun daga ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, lokacin da Djibo Bakary da Sawaba suka ce a'a, tarihin ja-in-ja ne tsakanin masu baki da masu bindiga. Soja sun karɓi mulki a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Ba na ɗora laifin a kan ɓangare ɗaya. Waɗanda suka ga 1995 sun san yadda shugaban ƙasa da firaministansa suka tsayar da aikin gwamnati cak suna musu a kan wa ke gaba da wa, har aka wayi gari 27 ga Janairu 1996. Amma akwai lokacin da nake alfahari da shi. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, wakilai kusan 1,200 suka zauna Babban Taron Ƙasa a Yamai, ƙarƙashin Farfesa André Salifou. Aka kira masu kaki suka amsa tambaya a kan ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, da abin da aka yi a Cintabaradan a watan Mayun wannan shekara, jama'a na saurare a rediyo. Abin da Atina take yi wa sarakunan yaƙinta kowace shekara, mun yi shi sau ɗaya, kuma ƙasa ba ta tsage ba.

Sai dai a daidai lokacin da ake wancan zama, a ƙarshen Oktoban 1991, a Toda cikin gundumar Gidan Rumji, rigimar manoma da makiyaya ta ci rayukan Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. A jiharmu ne, tafiyar ƴan sa'o'i daga inda muke zaune. Ba a tara mutanen da za su kashe mutum ɗari sai wani ya fara magana, wani ya ƙara, wani ya ce me ake jira. Ranar ba a kwana ba, ba a kuma sami wanda aka saurara da zai ce a dakata ba.

Wannan shi ya sa labarin Mitilini ya fi kusa da Dakoro fiye da yadda ake zato. Mu muna zaune a kan iyaka. Tun 1961 doka ta ja layin da noma bai kamata ya wuce ba ta arewa, ga kwarin Tarka, ga burtali da rijiyoyi da Bahaushe da Bafillace da Buzu ke haɗuwa a kansu kowace kaka. Dandalinmu shi ne bakin rijiya da tashar mota da gindin bishiyar kasuwa, yanzu kuma ga wayar salula, inda muryar mutum ɗaya a WhatsApp kan zaga ƙauye goma kafin a yi sallar la'asar. Jirgin Kiliyon yana buƙatar kwana biyu. Saƙon mai zuga na yau ba ya buƙatar minti biyu, wanda zai bi bayansa ya gyara kuwa har yanzu sai ya nemi babur.

Don haka ina roƙon iyayenmu hakimai da masu gari da arɗo-arɗo, ku da ake kawo wa ƙara da zafinta: in an zo da maganar ɓarna ko ta jini, kada a yanke komai a ranar, kuma a ji bakin wanda ake zargi kafin a ji na masu rakiya. Malamanmu na masallaci, ku ne kuka gaji filin Magami, ku faɗa wa mai ƙarfi abin da ya kamata ya ji tun yana iya gyarawa. Ku kuma ɗalibai, akwai tsofaffi a Birnin Lalle da Kornaka da Tsibiri da suka san yadda ake zaɓen sarki, da wanda ke iya ce masa a'a, da abin da ake yi wa sarkin yaƙin da ya zarce. Ku je da littafi da alƙalami ku rubuta tun suna raye. In kuma wata rana kuka tsinci kanku cikin taron da ya fusata, aka fara neman sanduna, ɗaya daga cikinku ya miƙe ya ce a bari sai gobe.